Kafanchan: Yadda masu kiɗan DJ ke koya wa na'urar waje bikin gida

Daga tsakiyar watan Disamba, hanyoyi biyun da ke kai mutum Kudancin Kaduna daga Abuja ba sa rabuwa da motoci. Wasu su bi ta Bwari da Jere da Kagarko su ɓulla Kwoi, wasu su zaga ta Keffi da Akwanga su shigo ta Gwantu da Gidan Waya. Da yawa daga cikin matafiyan ma'aikata ne da suka kulle ofis suka nufi gida, kuma kusan kowannensu akwai taron da ke jiransa: ɗaurin auren ƙanwa, godiyar iyali a coci, walimar ƙarin girma, taron ƙungiyar ci gaban gari, ko bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Sau da yawa kuma su ne ke biyan kuɗin rumfa da kujeru da abinci da kiɗa.

A cikin waɗannan huɗun, kiɗa aka fi yi wa cinikin gaggawa, shi ne kuma ya fi saurin kunyata mai taro. Idan shinkafa ta gaza, baƙi kaɗan ne za su sani. Idan kuwa sauti ya ɓarke a tsakiyar addu'ar buɗe taro, ko waƙar da ba ta dace ba ta tashi lokacin da iyayen amarya ke shigowa, babu wanda ba zai ji ba. Abin da ke raba mai DJ ɗin da ke tsallake irin wannan abin kunya da wanda ke faɗawa cikinsa, galibi aiki ne da aka gama tun a ɗaki, kwanaki kafin taro: raba wa kowane maɓalli na na'urarsa aikin da zai yi.

Akwatin da ba ya kiɗa da kansa

Abin da baƙo ke gani a gaban mai DJ shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka da wani faffaɗan akwati mai faifai biyu, da maɓallai masu haske, da mamurɗai, da wasu 'yan majayai da ake ja sama da ƙasa. Masu sana'ar na kiransa kwantirola. Duk da kwarjininsa, babu waƙa ko ɗaya a cikinsa, kuma ba shi ne ke haɗa waƙoƙin ba. Wannan aikin manhajar da ke cikin kwamfutar ne. Kwantirola ɗan aike ne kawai: an taɓa wuri kaza, an murɗa abu kaza zuwa nan, sai ya kai labari.

Harshen da akasarin irin waɗannan na'urori ke kai labarin da shi ana kiransa MIDI, kuma ya girmi yawancin masu amfani da shi a yau. A 1983 kamfanonin ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka amince da shi domin na'urorinsu su riƙa fahimtar juna. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland ne suka ja gaban aikin, har aka karrama su da kyautar Grammy a kansa a 2013. Saƙon MIDI gajere ne ƙwarai, yawanci lambobi uku. Ta farko ta faɗi irin saƙon da layin da ya biyo cikin layuka 16, ta biyu ta faɗi wane maɓalli ne, ta uku ta faɗi ƙima daga 0 zuwa 127. An danna maɓalli, 127. An saki, 0. An kai mamurɗi tsakiya, 64 ko kusa da haka.

Babu inda saƙon ya ce a kunna waƙa ko a rage ƙara. Manhaja ce ke riƙe da wani jadawali da ke cewa idan lamba kaza ta zo ta layi kaza, a yi abu kaza. Wannan jadawalin shi ne taswirar maɓallai. Rubutun da kamfani ya buga a jikin akwatin fenti ne. Ma'anar maɓalli tana cikin taswira, taswira kuwa fayil ne da ake iya buɗewa a gyara. Saƙon ma zuwa yake yi ya dawo, domin fitilar da ke haskawa a ƙarƙashin maɓalli, manhaja ce ke aiko mata da umarnin ta kama.

Garin da waƙa ɗaya ba ta isarsa

Kafanchan gari ne da layin dogo ya raina. A 1927 ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya haura Jos. Tasha ta jawo ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa, Ibo da Yarabawa da Hausawa, suka zauna tare da Fantswam da Kaninkon da Bajju da sauran al'ummomin yankin, a farkon shekarun 1930 kuma fadar Sarkin Jama'a ta koma garin. Harkar jirgin ta daɗe da yin sanyi, amma cakuɗuwar da ta bari tana nan, kuma babu inda take fitowa fili kamar wurin biki.

A ɗauki aure tsakanin ɗan Zonkwa da 'yar Kwoi. Dangin ango za su so su shigo fili da waƙar Jju, dangin amarya da ta Hyam. Zumuntar mata tana da nata waƙoƙin yabo na Hausa, masu tafiya da kiɗan tulu da kacau-kacau. Abokan aikin ango da suka zo daga Abuja, Afrobeats da amapiano suke jira. Dattawa kuma ba za su miƙe ba sai sun ji highlife ko makossa na ƙuruciyarsu. Washegari mai DJ ɗin nan na iya kasancewa a wani gida a cikin gari inda ake kamun amarya, ana neman waƙoƙin Ali Jita da Ado Gwanja, da sharaɗin cewa da an kira salla komai ya tsaya.

A irin wannan taro, ragama tana hannun MC, sanƙiran zamani, mai DJ kuma yana binsa ne. Waƙa ba ta cika yin minti biyu ba a katse ta ba. Za a yi wa babban baƙo maraba, za a yi cigiyar mai motar da ta tare hanya, za a roƙi jama'a su ba masu ɗaukar hoto wuri, za a kira ƙungiyar matan unguwa su fito rawa da waƙarsu, ba wata ba. Gwanintar da ake nema a nan ita ce saurin amsawa: a rage, a tsaya, a sauya, a dawo daidai inda aka tsaya.

Riga da awon wani

Kamfanonin da ke ƙera kwantirola wani dandali suke hange. Mai DJ ɗin da ke zuciyarsu yana gidan rawa ne a Landan ko Balin, yana jera waƙoƙin da aka haɗa da kwamfuta, masu bugu huɗu-huɗu da sauri guda daga farko zuwa ƙarshe, yana saƙa wannan cikin waccan na tsawon sa'o'i ba tare da wani ya karɓi makirfo ba. Na'urar Pioneer DDJ-400 da ta fito a 2018, da DDJ-FLX4 da ta gaje ta a 2022, an tsara fuskarsu ne domin mai koyo ya saba da manyan kayan gidajen rawa. Saboda haka wurare mafi kusa da yatsu an ba da su ga maɓallin daidaita saurin waƙoƙi biyu, da na maimaita wani yanki na waƙa, da na ƙawata sauti da amsa-kuwa.

Waƙar gargajiya ta Kudancin Kaduna ba ta bin wannan awon. Wadda aka naɗa daga makaɗa na gaske, da ganguna da ƙaho da sarewa, saurinta na hawa yana sauka da numfashin masu bugawa, da yawa kuma tafiyar uku-uku suke yi. Manhaja kan auna waƙa ta shimfiɗa mata layukan bugu masu tazara ɗaya, to idan ta gamu da irin wannan sai ta yi kuskuren ƙirga, wani lokaci ta ninka saurin, wani lokaci ta raba shi biyu. Mai DJ ɗin da ya danna maɓallin daidaitawa a kan awon da ba daidai ba, zai ji muryar mawaƙin garinsu ta ruga a guje ko tana jan ƙafa, a gaban mutanen da suka haddace waƙar tun suna yara. Maɓallin da ya fi kowanne amfani a Balin na iya zama wanda ya fi kowanne haɗari a Kagoro.

Abin da ake sauyawa

Gyara na farko da aikin ke tilastawa shi ne na ba MC hanya. Manhajoji na da tsarin rage kiɗa da kansu idan sun ji murya, amma a ƙananan na'urori da dama makirfo ba ya bi ta cikin kwamfuta, a wurin biki ma yawanci wata mikisa daban ake jona shi. Manhajar ba ta san ana magana ba. Mafita ita ce a ɗauki maɓalli guda da ke kusa da babban yatsa a ba shi umarni: muddin an danne ka, ƙarar waƙa ta sauka zuwa rubu'i, an sake ka, ta koma inda take. Jan majayi da hannu ma na yin wannan, sai dai hannu ba ya komawa wuri ɗaya sau biyu, kuma a taron da za a katse kiɗa sau hamsin, ƙarar kan riƙa hawa a hankali har sifika ta fara kuka.

Na biyu shi ne maɓallin shiru. Idan fasto ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ko ladan ya fara kira daga masallacin da ke maƙwabtaka, yanke kiɗa kwatsam na firgita mutane, barinsa kuma rashin ladabi ne. A yankin da ya san tsadar zaman lafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana iya tsara maɓalli ɗaya da zai sauke duk abin da ke tashi a hankali cikin daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya tsayar da waƙar. Mai hankali kan nisanta shi da sauran maɓallai, ko ya sa sai an haɗa shi da maɓallin Shift yake aiki, domin kada gwiwar hannu ta kashe rawar amarya.

Sai maɓallan roba, takwas a kowane gefe a yawancin na'urorin masu faifai biyu. Ana iya ware gefe ɗaya ga gajerun sautuka da ake buƙata nan take: kirarin shigowar babban baƙo, tafi, guɗa, rugugin ganga lokacin yanka kek, da sunan mai DJ ɗin kansa, wanda shi ne tallarsa. Ɗaya gefen kuma a bar shi ga alamomin cikin waƙa. Waƙoƙin gida da yawa na farawa da doguwar gaisuwa ko yabon wanda ya ɗauki nauyin naɗar su, masu rawa kuwa sun riga sun jeru a bakin fili. Alama ta farko a sa ta inda ganga ta kama, ta biyu inda amshi ya shigo, ta uku inda kiɗa ya yi zafi. Idan kowace waƙa ta bi wannan tsari, yatsa ya san inda zai je ko ido na kan MC.

Majayin sauri yana da nasa lissafin. Ana iya sa iyakarsa ta zama kashi 8 cikin 100 sama da ƙasa, ko 16, ko 50. Mai tsallakawa daga waƙar yabo mai sanyi zuwa amapiano zai so faɗi, amma faɗi na da farashi. Idan na'ura matakai 128 kawai take aikowa, a iyakar kashi 8 kowane mataki kashi 0.125 ne, a iyakar kashi 50 kuwa ya kusa kashi 0.8. A waƙa mai bugu 110 a minti, wannan tsallen ya kusa bugu guda, ya isa ya sa ganguna biyu su rabu cikin 'yan daƙiƙu. Wasu na'urori na haɗa saƙo biyu su ba da matakai 16,384, amma sai taswirar ta san da haka. Idan rabin saƙon kawai take karantawa, an yi asarar ingancin da aka biya kuɗinsa. Shi ya sa ake ba wani maɓalli aikin sauya iyakar a tsakiyar aiki.

Wani gyaran kuma na kashewa ne. Saman faifan kwantirola na jin taɓi, da an ɗora hannu waƙa ta tsaya, domin an yi shi ne ga masu ƙwarzar faifai. A filin da masu liƙi ke tururuwa, yara na leƙe, wani kuma na miƙo waya a sa masa waƙarsa, wannan tarko ne. Ana kashe jin taɓin, a bar gefen faifan kawai yana tura waƙa gaba ko baya kaɗan. Haka nan ana kulle gefen da ke cikin kiɗa domin kada a ɗora wata waƙa a kansa bisa kuskure.

Tun 2020, lokacin da VirtualDJ ta kawo fasahar raba waƙa nan take zuwa murya da ganga da sauran kayan kiɗa, an sami sabon aiki da za a ba mamurɗai ukun da a da ke sarrafa kaurin sauti da kaifinsa. Yanzu ɗaya na iya cire muryar mawaƙi gaba ɗaya, kiɗa ya ci gaba a ƙarƙashin jawabin uban amarya, ko a tsallake baitin da bai kamata a ji a gaban surukai da malaman addini ba. Sai dai fasahar na cin ƙarfin kwamfuta sosai. Tsohuwar kwamfuta za ta riƙa sarƙewa, sai in an bar ta ta raba waƙoƙin tun daren jiya.

Ƙura, janareta da dala

Akwai dalilin da ya fi duk waɗannan tursasawa, shi ne lalacewa. Kakar bukukuwa ta zo daidai da hunturu, yawancin tarukan kuma a filin makaranta ko harabar coci ko ƙofar gida ake yin su. Ƙura na shiga ramin majayi ta zauna a kan layin da ke auna matsayinsa, sai ya fara aiko da lambobi masu rawa ko ba a taɓa shi ba, ƙarar waƙa na tsalle da kanta. Maɓallin kunnawa da na komawa alama, da yake su aka fi duka, su ke fara mutuwa.

Sauya na'ura ba abu ne mai sauƙi ba. DDJ-FLX4 ta fito a kan dala 299. A farkon 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin hukuma, wannan bai kai naira 140,000 ba. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin ya doshi naira 450,000 tun kafin a sa na dako da na kwastan. A shekarar 2023 ɗin kuma aka janye tallafin man fetur, cutar da ta afka wa citta ta cinye amfanin gonar da Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a suka dogara da shi. Mai taro ba shi da abin ƙarawa, man janareta ya ninka, kayan gyara kuma sai an aika Kaduna ko Jos ko Abuja, wani lokaci har kasuwar Alaba a Legas.

A nan taswira ke zama magani. Maɓallin kunnawa ya mutu, sai a ɗauke aikinsa a ɗora wa na daidaitawa da ke kusa da shi, wanda dama ba a cika buƙatarsa ba. Majayin tsakiya ya fara rawa, sai a goge shi daga taswira gaba ɗaya domin manhaja ta daina sauraronsa, a riƙa haɗa waƙoƙi da majayan gefe. Na'urar da wani zai jefar a Turai na iya ƙara kaka biyu ko uku tana ciyar da gida.

Janareta ma na da nasa maɓallin. Idan ya mutu, amfilifaya da sifiku ne ke yin shiru. Kwamfuta na da batir, ƙaramar kwantirola kuma daga jikinta take shan wuta, don haka waƙar na ci gaba da tafiya ba mai ji. Kafin a tayar da injin ta yi nisa ko ta ƙare. Maɓalli ɗaya da ke tsayar da komai ya dasa alama a daidai wurin, shi ke sa idan wuta ta dawo, ango da amarya su ci gaba da rawa daga inda aka katse su.

Manhaja da lasisi

Yawan 'yancin da mai DJ ke da shi ya dogara da manhajar da ya zaɓa. VirtualDJ, wadda ta fara fitowa a 2003 kuma tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a Najeriya, tana da ɗan harshen umarni nata da ake kira VDJScript, inda ake iya rubuta wa maɓalli sharaɗi: idan waƙa na tafiya yi kaza, in ba haka ba yi kaza. Traktor ta kamfanin Native Instruments na Jamus tana ba da dama mai zurfi, sai dai tana son haƙuri. Serato ta ƙasar Niyu Zilan na aiki ne da na'urorin da ta amince da su, kuma sauya taswira na cikin nau'inta na biya, ba na kyauta ba. Rekordbox ta masu ƙera Pioneer ta fi jituwa da 'yan gidansu. Mixxx kuwa, wadda aka fara a 2001, kyauta ce baki ɗaya, kowa na iya duba cikinta ya gyara. Tana da hanyar koyo mai sauƙi, a zaɓi aiki a allo, a taɓa maɓalli, ta haɗa su, ga mai son zurfafawa kuma ana rubuta taswirarta da XML da JavaScript.

Matsalar ita ce VirtualDJ kyauta ce ga mai wasa a gida, amma jona mata kwantirola don sana'a na buƙatar lasisi, lasisi kuma da dala ake biya. Wannan ke tura wasu ga kwafin da aka fasa. Irin wannan kwafi ba ya karɓar sabuntawa, bai san sababbin na'urori ba, yakan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma idan ya rufe kansa a tsakiyar taro babu wanda za a kai wa kuka. Arha ce da ba ta ado.

Inda gyara ke zama ɓarna

Taɓa taswira na da nasa haɗarin. Mafi yawan kuskure shi ne a ba maɓalli sabon aiki a manta ba a goge tsohon ba, sai dannawa ɗaya ta yi abu biyu. Faifai kuma ba matsayi yake aikowa ba, motsi yake aikowa, kuma kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan yadda ake rubuta shi ba: a wata na'ura 65 na nufin gaba, 63 baya, a wata kuma 1 ne gaba, 127 baya. Taswirar da aka aro daga wata na'ura na iya sa ɗan taɓi ya wurga waƙa can ƙarshe. Akwai kuma batun fitilu. Wanda ya sauya aikin maɓalli bai sauya saƙon da ke dawo masa ba, zai ga fitila na ba da labarin aikin da aka riga aka ɗauke, da dare kuwa fitila ita ce ido.

Sai matsalar saɓani tsakanin hannu da allo. Idan kebul ya zare aka mayar, ko aka yi amfani da mamurɗi ɗaya don ayyuka biyu, matsayinsa a zahiri na iya bambanta da wanda manhaja ta riƙe. Da an taɓa shi sai ƙara ta yi tsalle daga ƙasa zuwa ƙololuwa, abin da ke iya ƙona sifikar haya. Manhajojin na da tsarin da ke sa su ƙi sauraron mamurɗi har sai ya iso inda suke, amma sai an tabbatar a kunne yake.

Na ƙarshe shi ne mantuwa. Taswirar da aka shafe watanni ana gyarawa ɗan ƙaramin fayil ne da bai kai nauyin hoto ɗaya ba, kuma yana tafiya ranar da aka kai kwamfuta wurin mai gyara ya wanke ta. Wanda bai ajiye kwafi a filashi ko a imel ba, zai koma farko a tsakiyar kaka. Haka nan na'urar da aka sauya wa ayyuka ta zama ta mutum ɗaya: idan mai ita ya haɗa taro biyu a rana ɗaya ya tura yaronsa ɗaya wurin, rubutun jikin akwatin zai yi wa yaron ƙarya, sai in an manna takarda a kan kowane maɓallin da aka sauya.

Abin da ya shafi mai shirya taro

Ga hadimin da aka ɗora wa shirya ziyarar maigidansa gida, ko ma'aikacin da ke aurar da ƙanwarsa daga nesa ta waya, wannan bayani na da amfani a aikace. Misali mafi kusa shi ne taken ƙasa. Ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da taken da aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Maɓallin da aka ɗora wa take tun kafin wannan rana zai ci gaba da fitar da wanda aka ajiye har sai wani ya shiga ya sauya fayil ɗin, kuma ba za a gane ba sai manyan baƙi sun miƙe tsaye. A ranar, ba sunan mai DJ za a tambaya ba, na jami'in tsare-tsare za a tambaya.

Minti goma sha biyar kafin baƙi su iso sun isa a rufe wannan ƙofa. A sa mai DJ ya danna maɓallin take a saurare shi har ƙarshe. A sa MC ya yi magana a ga yadda kiɗa ke sauka da yadda yake dawowa. A ce ya yi shiru a ƙirga daƙiƙu. A tambaye shi abin da zai yi idan janareta ya mutu, da ko shi da kansa zai tsaya ko wani zai turo. Jerin shirye-shirye da sunayen waƙoƙin kowane dangi kuma a aika masa kwana biyu ko uku kafin ranar, domin dasa alamomi a waƙar da aka miƙo ta waya ana tsakiyar rawa ba ya yiwuwa. Wanda ya nemi wannan jerin da kansa tun ba a ba shi ba, ya riga ya nuna irin ma'aikacin da yake, kuma ƙarin da ya nema a kan farashi yana da dalili.

Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A filayen Kudancin Kaduna abin ya daɗe yana tafiya ta fuska biyu, domin makaɗin gargajiya ƙafar mai rawa yake kallo, ya ƙara wuta ko ya sassauta tun ba a ce masa ba. Masu ganga da ƙaho na nan, kuma a ranar Afan ko Tuk-Ham fili nasu ne. Amma a ɗaruruwan ƙananan tarukan da ke tsakanin waɗannan manyan ranaku, saurayi mai kwamfuta ne ya gaji wurinsu, jama'a kuma saurin amsawar da suka saba samu daga makaɗi suke nema a wurinsa. Idan baƙi suka koma Abuja a makon farko na Janairu, shi aikin da ke gabansa shi ne ya busa ƙurar majayai, ya duba maɓallin da ya fara nauyi, ya sake zama a kan taswirarsa kafin bukukuwan Ista su kawo wani ayarin motocin ta hanyar Kwoi.